Rarrafen Baba a Bakin Idon Ruwa

Mu biyu mahaifinmu ya haifa, duka mata, ni ce babba. Ni yana kirana Malama, saboda ina koyarwa a wata firamare a Rikoto, cikin garin Zuru. Ƙanwata kuwa Auta ce, ko furfura ta cika mata kai Auta za ta zauna. Ku dai saurari sunayen nan biyu da kyau. Malama suna ne da kowane mai tumatir yake kirana da shi a kasuwa. Auta kuwa mutum ɗaya ne a duniya yake faɗinsa, kuma da wata murya yake faɗinsa. Tun daga nan abin yake ci mini rai, ba kuma zan tsaya ina ɓoyewa ba.

Baba tsohon soja ne. Kafin ya sa kaki ɗan tsauni ne, a kan dutse aka haife shi, lokacin da danginmu ba su gama saukowa ƙasa ba. Can sama akwai kufan kakanninmu, a bayan kufan kuma akwai wani idon ruwa da ke fitowa daga tsagar dutse a gindin wani ɓaure, wanda ba ya ƙafewa komai tsananin rani. A nan ya ga damisa yana saurayi. Da hantsi ne, tana shan ruwa, ta ɗago kai ta dube shi, ta koma ta ci gaba da shan ruwanta. Na ji labarin nan tun ina zama a cinyarsa a bariki, tun ba a san za a haifi wata Auta ba. Duk lokacin da ya kai ƙarshe sai ya dafa kaina ya ce, "Idan kin girma, ni da kaina zan kai ki ki sha ruwan nan."

To, na girma. Aka yi ta yawo da mu daga wannan bariki zuwa wancan. Da ya ajiye aiki muka dawo Zuru na tuna masa, ya ce in bari a gama ginin gida. Aka gama gini, mahaifiyarmu ta kwanta ciwo, Allah ya yi mata rasuwa. Na yi aure, na haihu, na dawo da mijina gidan don kada tsoho ya zauna shi kaɗai. Sai gwiwa ta kama shi. Ban daina jira ba, tambaya dai na daina, don abin kunya ne mace da 'ya'yanta ta tsaya tana cewa Baba ka yi mini alkawari. Waɗanda suka san hanyar wurin duk sun mutu, saura shi. Amma ko da akwai wani ba zan bi shi ba. Ba ruwan ne ya dame ni ba, ruwa akwai shi a rijiyar gidanmu. So nake shi ya kama hannuna ya kai ni.

Shekara da shekaru ni ce mai dama masa kunu kafin in tafi makaranta. Ni ce mai shafa masa man zafi, ni ce mai riƙe shi a bayan mashin ɗin mijina zuwa asibiti, ni ce mai shan faɗa idan gishiri ya yi yawa a miya. Da likita ya ce kada a sake barinsa ya hau ko da tudun gona, ni aka bar wa tsaron dokar, ni na zama muguwa mai ɓoye masa fartanya.

Auta fa? Auta karatu ya tafi da ita. Ta karanci sha'anin namun daji, daga jami'a sai ƙasar waje, daga can sai wasu tsaunuka na Asiya inda dusar ƙanƙara take rufe duwatsu. Akwai wata irin damisa a can, mai launin toka da wutsiya kauri guda, ana ce mata damisar ƙanƙara. Sun yi ƙaranci ƙwarai, mutane sun matsa musu, abincinsu yana ƙarewa. Aikin Auta shi ne ta bi duwatsu tana ɗaure wasu ƙananan kyamarori masu ɗaukar hoto da kansu idan wani abu ya gifta, sannan ta zauna tana bambanta wannan damisa da waccan ta zanen jikinsu, don a san nawa suka rage da inda ya kamata a kare musu. Aiki ne mai kyau, ban taɓa cewa ba mai kyau ba ne. Ina ma koya wa ɗalibaina shi a aji, ina cewa ƙanwata ce, ina jin daɗi a baki kawai.

Wata shekara ta aiko da babban hoton damisar nan. Baba ya sa aka saka shi cikin gilashi, aka rataya a falo kusa da hotonsa na soja. A wurin nan hotona na gama kwalejin malamai yake. Aka matsar da ni gefen kalanda, inda ƙofa take rufe ni in an buɗe ta. Duk baƙon da ya shigo, fasto ne ko tsohon abokin bariki, sai Baba ya nuna bango da sandarsa ya ce, "Ɗiyata ce ta ɗauka." Rannan na kasa haƙuri na ce, "Baba, kyamara ce fa ta ɗauka da kanta. Ita tana cikin tanti tana shan shayi." Ko kallona bai yi ba. Ya ce, "Malama, kawo wa baƙi ruwa."

Sai ga ta ta dawo cikin wani rani, da akwatuna da igiyoyi da wani takalmi mai nauyi irin na sojoji. Ta ce ta gaji da ƙirga damisar wasu alhali ba ta san abin da ya rage a tsaunukan gidansu ba. Masu gawayi sun ci daji, mafarauta sun ci nama, kowa yana cewa damisa ta ƙare a ƙasar Zuru tun tuni, amma babu wanda ya taɓa dubawa da gaske. Wasu makiyaya ma sun gaya mata wani abu ya ɗauke musu maraƙi, kuma sun rantse ba kura ba ce. Dabararta mai sauƙi ce. Da rani duk abin da ke da rai dole ya nemi ruwa, saboda haka za ta ɗaure kyamara a inda ruwa ba ya ƙafewa. Tana faɗin haka na san inda maganar za ta sauka.

Muna cin tuwo a tsakar gida ta juya ta ce, "Baba, idon ruwan nan na bayan kufai, za ka iya kwatanta mini hanya?"

Ya ajiye lomar da ke hannunsa. Ya ce, "Ba ya kwatantuwa. Sai dai in kai ki."

Na ce, "Da wace gwiwar?"

Ya ce, "Da wadda Allah ya ba ni. Akwai sauran hawa ɗaya a cikinta, na sani."

Hawa ɗaya! Ashe ya san akwai sauran hawa ɗaya, yana ajiye da shi duk shekarun nan da nake shafa masa man zafi. Na kawo maganar likita, ya share. Na kawo maganar zafin rana, ya ce a rana aka haife shi. Da na ga ba zan hana ba, sai na haɗiye girmana na ce, "To ni ma zan bi ku. Zan nemi izini wurin hedimasta."

Auta ta sunkuyar da kai tana wasa da miya. Ta ce, "Yaya, don Allah kada ki ji haushi. Wurin da aka ɗaure kyamara ba a zuwa da yawa, warin mutum yana korar dabba. Kuma ƙa'idar aikin ce ba a faɗa wa kowa wurin. In labari ya fita cewa akwai damisa a wuri kaza, kafin mu sauko masu neman fata sun hau."

Na ce, "Ni ce kowa? Ni ce zan shiga kasuwa da ganga?"

Ta ce, "Ba haka nake nufi ba. Amma kin ga kina makaranta, kina zumuntar mata ta coci, magana tana iya zamewa ba da niyya ba."

Kai! Ranar na yi magana har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Na tuna mata wanda ya goya ta, wanda ya wanke mata kashi, wanda ya raka ta makaranta tana kuka da majina. Na juya wurin Baba ina jiran ya ce wannan dai a bar ta ta zo, wannan na yi mata alkawari. Kalma ɗaya nake jira. Ya wanke hannunsa a hankali ya ce, "Malama, aiki ne. A soja ma abin da ba a gaya maka ba, ba ka tambaya. Kuma wa zai duba gida?"

Ranar tafiyar ni na tashi da sassafe na dafa musu wake da shinkafa na zuba a kwano mai murfi. Ni na durƙusa na naɗe masa gwiwoyin da bandeji, na ɗaure tamau yadda ba za su kwance a hanya ba. Da hannuna na shirya shi ya tafi da wata zuwa wurin da ya ce zai kai ni. Mijina ya kai su gindin tsauni a mashin ya dawo. Na tafi makaranta, na rasa abin da na koyar, har na yi wa wata yarinya tsawa don kawai ta tambaye ni alli.

Rana ta kusa faɗuwa suka dawo. Da ƙyar aka sauko da shi daga mashin, amma fuskarsa tana walƙiya kamar an shafa mata man kaɗe. Suna ta hira da C'lela, yarenmu da Auta ba ta iya sosai ba, tana kwaɓawa yana gyara mata suna dariya. Ni da na iya shi tsaf, da Hausa yake aikena. Na duba wandonsa, gwiwoyin duk taɓo, tafukan hannunsa sun kuje. Na ce, "Wayyo, faɗuwa ka yi?" Suka dubi juna suka fashe da dariya. Na kwashe wandon na kai bakin rijiya na wanke.

Gaskiyarsa ce, hawa ɗaya ne ya rage. Tun daga ranar bai sake wuce ƙofar gida ba, daga baya ma sai an ɗaga shi zuwa kujerar baranda. Auta ita kaɗai take hawa lokaci lokaci, ta canja batir, ta ciro katin da hotuna suke ciki ta sa wani. Hotunan sun yi mata yawa, sai ta roƙe ni in taya ta tantancewa da yamma idan na dawo daga makaranta. Na ce ba ni da lokaci. Kashegari na jawo kujera na zauna kusa da kwamfutarta.

Yawancinsu ciyawa ce iska ta kaɗa, kyamara ta ɗauka a banza. Amma a tsakani akwai abubuwa. Ga bika da iyalansa sun zo shan ruwa, uwa da ɗa maƙale a ciki. Ga rema a kan dutse. Ga beguwa tana jan ƙayoyinta, ga tunku, ga wata kura ramammiya da ta tsaya tana shinshina igiyar kyamara. Auta ta koya mini yadda ake ware su, kowace dabba da nata wuri, da yadda ake duba ko wadda ta zo jiya ce ta dawo. Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗin aikin. Na haihu a ƙasar nan, na tsufa a cikinta, ban san muna da maƙwabta irin waɗannan a saman kanmu ba. Duk hoton da ya buɗe kuma idona ba a kan dabbar yake fara sauka ba, a gefe yake sauka, ina satar kallon ɓauren da bakin ruwan, ɗan abin da kyamara ta bari in gani.

Rannan ta tashi ɗauko ruwa, na danna baya, na ci gaba da dannawa har na kai hotunan farko na ranar da suka hau. Sai ga Baba. A ƙasa yake, hannu biyu gwiwa biyu, yana rarrafe a gaban ruwan. Hoto na gaba ya kwantar da kafaɗa ɗaya, ya miƙa wuya. Na gaba ya juyo ya dubi kyamara ya yage baki, sauran haƙoransa a waje, wai shi damisa. Na bayansa kuma ya zauna dirshan cikin taɓo yana dariya, kai a sama, ido a rufe, bandejin da na ɗaura masa ya yi baƙi ƙirin.

Mutumin nan ko a coci ba ya durƙusawa, a zaune yake addu'a saboda gwiwa. Mutumin nan kafin ranar da suka hau ban taɓa ganin dasashinsa ba. Murmushin soja na sani, na gefen baki, wanda yake yi idan na kawo sakamako mai kyau ya ce, "Ba laifi."

Auta ta dawo ta same ni ina kallo. Ta yi dariya ta ce, "Au, kin ga gwajin? Haka ake yi, Yaya. Duk wanda ya ɗaure kyamara sai an gwada ta. Mutum ya yi rarrafe a gabanta daidai tsayin dabbar da ake nema, a ga ko ta kama shi. In ba haka ba sai ki dawo ki tarar kin yi ta ɗaukar sama ko ƙasa."

Na ce, "Shi ne kika rasa wanda za ki sa sai tsoho mai ciwon gwiwa? Kin ƙarasa masa ƙafa don ki gwada kyamara?"

Ta ce, "Wallahi ni na durƙusa zan yi, ya ce in tashi. Wai ban san yadda damisa take zuwa ruwa ba, tafiyar akuya nake yi. Shi ya nace."

Na ce, "Na san shi ya nace. Abin da yake cina ke nan."

Ta dube ni, idonta ya kawo ruwa. Na ga alamar za ta ba ni haƙuri, ni kuwa haƙurinta ne abin da ba na so a duniya. Na tashi na shiga kicin na hau wanke tukunyar da na riga na wanke. Kishi ne, kishin ƙanwata da na goya, kuma sanin sunansa bai rage masa zafi ba ko kaɗan.

Hutunta ya ƙare kafin damina. Ta kwance sauran kyamarorin da ta ɗaure a wasu wurare, amma Baba ya hana ta taɓa ta bakin idon ruwa. Ya ce damisa sai zafi ya kai maƙura take saukowa nan, gab da ruwan farko, lokacin da ko'ina ya bushe. Ta bar ta da niyyar za ta dawo ba da jimawa ba, sai aikinta na can ya riƙe ta. Shi kuma bayan tafiyarta ya fara sauka da sauri. Yanar ido ta rufe masa gani, tunani ya fara yi masa yawo. Wata rana ya tambaye ni ko an busa bigilar soja, wata rana ya tambayi mahaifiyarmu ko ta dawo daga kasuwa. Kunu dai bai manta ba, da sunan wadda take damawa.

Da hadari ya fara haɗuwa a gabas sai ga wayar Auta. Ta yi gaisuwa mai tsawo, irin ta mai neman abu. Ta ce in ruwa ya sauka kwarin da idon ruwan yake cika yake yi, zai tafi da kyamarar da duk abin da ta ɗauka. Ana bukatar wanda zai hau ya ciro kati, ya sa sabon batir, ya mayar da kyamarar sama kaɗan a jikin ɓauren. Ta ce, "Yaya, babu wanda na yarda da shi sai ke."

Na ce, "Ikon Allah! Yau kuma ni ce abin yarda? Zumuntar matan fa, an rushe ta?"

Ta ce, "Yaya, don Allah."

Na ce ba zan je ba, na kashe waya. Jim kaɗan sai ga saƙo ya shigo, taswira ce da ɗan ɗigo ja a tsakiyar duwatsu. Wurin da na jira tun ina cinyar ubana, wanda aka hana ni da baki a tsakar gida, shi ne aka turo mini a waya kamar adireshin tela. Na daɗe ina kallon ɗigon nan.

Ranar Asabar na tafi. Na bi dokokinta duka, ban yi wanka da sabulu mai ƙamshi ba, ban shafa mai ba, na sa wandon mijina da tsohuwar riga. Ya sauke ni a gindin tsauni, ya ce zai raka ni, na ce ƙa'idar aiki ce ba a zuwa da yawa. Ina jin maganar tana fita daga bakina na ji haushin kaina. Ya zauna a inuwar wata ɗorawa, ni kuma na kama hawa, waya a hannu, ina bin kibiya.

Hawan ya ci ƙafata, ni da nake da gwiwa lafiyayya. Duk inda na dafa dutse na ja jiki sai in ce a nan ta riƙe masa hannu, ko shi ya riƙe mata. Na wuce jerin duwatsun da kakanninmu suka shirya a jikin tsauni don su tare ƙasar noma, har yau suna nan ba su zube ba. Na shiga kufan. Ga duwatsun niƙa sun lotsa a tsakiya, ga gindin rumbuna, ga fasassun tukwane cikin ciyawa. Na tsaya ina juyawa. Wanne ne gidanmu? A wane ɗaki aka haife shi? Ita an nuna mata, na tabbata, da sanda, da labarin kowane dutse. Ni kibiya ce kawai take ce mini in yi hagu.

Idon ruwan ƙarami ne, bai fi faɗin babban faranti ba. Na yi tsammanin wani tafki, shekara da shekaru ina faɗaɗa shi a kaina. Amma ɓauren yana nan, sanyin yana nan, ruwan yana tsattsafowa daga tsagar dutse garai garai. Taɓon bakin ruwa cike yake da sawu iri iri, ban san na wa da wa ba. Na durƙusa na kamfata da hannu na sha. Yana da daɗi, ba zan hana shi haƙƙinsa ba. Na cika gorar roba da na zo da ita.

Na ciro katin na sa wani, na canja batir, na kwance kyamarar na ɗaure ta sama yadda ta kwatanta, na karkata ta tana kallon ruwan. Sai na tuna saura gwaji. Na duba gabas na duba yamma, babu kowa sai wani bika can kan dutse yana kallona. Malamar makaranta, uwar 'ya'ya, na sauka hannu biyu gwiwa biyu cikin taɓo. Na tuna hoton, na kwantar da kafaɗa ɗaya, na miƙa wuya, na yi rarrafe har bakin ruwa. Tsakuwa ta kuje mini tafin hannu. Na juyo na dubi kyamara, na so in yage baki yadda ya yi, sai kawai kuka ya zo. Wannan hoton yana wurin Auta yanzu, ba ta taɓa yi mini maganarsa ba, ni ma ban tambaya ba.

Katin kuwa, da ta duba daga baya, ta sami wani hoto guda da bayan wata dabba a gefe, rabin wutsiya mai dabbare dabbare tana fita daga hoton. Ta ce zuciyarta ta ba ta damisa ce, amma ba za ta rubuta haka ba, rabin wutsiya ba shaida ba ce, sai an ci gaba da dubawa. Har yanzu ni nake hawa in canja batir.

Amma a ranar da na fara hawa, da la'asar na iso gida, ban ko wanke ƙafa ba na wuce baranda. Baba yana kan kujerarsa, fuska a sama, idanun nan farare. Na durƙusa a gabansa na sa masa gorar a hannu na ce ya sha. Ya kurɓa, ya tsaya, ya sake kurɓa. Sai ya lalubo hannuna, ya shafa kujewar da ke tafina, ya jawo hannun rigata ya shinshina taɓon da ganyen tsauni da suka manne mata. Fuskarsa ta buɗe. Dariyar nan ta cikin hoto ta fito gaba ɗayanta, da dasashi da komai, a gabana, kusa da fuskata.

Ya ce, "Auta! Kin hau?"

Na buɗe baki in ce ni ce. Na dubi dariyar, na san ina faɗa za ta koma inda ta fito. Na ce, "Na hau, Baba."

Ya ce, "Kin yi rarrafen? Kin kwantar da kafaɗa yadda na nuna miki?"

Na ce, "Na kwantar."

Ya bubbuga hannuna yana jinjina kai. Sai ya jawo ni kusa, ya rage murya kamar mai tsoron a ji daga ɗaki. Ya ce, "Kada ki faɗa wa yayarki na kai ki. Ita na yi wa alkawarin wurin nan, tun tana cinyata. In ta ji zai yi mata ciwo."

Ashe bai manta ba. Duk shekarun nan na yi ta ba shi uzuri cewa tsufa ne, mantuwa ce, maganar da ake yi wa yara ce. Ashe yana sane ranar da nake naɗe masa gwiwa.

Na ce, "Ba za ta ji ba, Baba."

Ya saki hannuna, ya gyara zama, dariyar ta kwanta. Ya juya kai wajen kicin ya ɗaga murya, muryar da na saba da ita.

"Malama! Ina kununa?"

Na tashi a hankali don kada ya ji takuna, na zagaya ta bayan kujerarsa na shiga kicin. Daga can na amsa masa, "Ga shi nan zuwa, Baba." Na ɗora ruwa a wuta.